Ɗan Tauri A Kan Ƙanƙara

Duk wanda ya fara raɗa wa wannan abu suna "dusar ƙanƙara" a harshen Hausa ya iya kallo, sai dai ina kyautata zaton daga nesa ya hango shi, ko kuwa a hoto. Dusa dai aba ce marar nauyi, abincin awaki, wadda iska kan kwashe idan mata suna bakace. Ƙanƙarar da Bahaushe ya sani kuwa ita ce wadda kan zubo tare da ruwan farkon damina, yara su fita da kwanoni suna tsinta, kafin a jima ta narke, sai kuma ta firji da ake jefawa a zoɓo. Idan aka haɗa kalmomin nan biyu, abin da zai zo wa mai sauraro a rai shi ne wani farin gari mai laushi da daɗin taɓawa. Haka yake kuwa a sa'ar da yake sauka daga sama. Abin da sunan bai faɗa ba shi ne yadda garin nan kan koma bayan motoci ɗari sun bi ta kansa sun daddanne shi, rana ta ɗan narkar da samansa, sanyin dare kuma ya sake daskarar da shi. A lokacin ya tashi daga dusa, ya zama kamar daɓen siminti da aka shafe da man shanu.

Na yi hunturu biyu a birnin Madison na jihar Wiskonsin ta Amurka, inda karatu ya kai ni tsakanin 2013 da 2015. Birni ne da ke zaune a kan wani ɗan siririn tudu tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, waɗanda kan daskare da hunturu har mutane su taka su je tsakiya, su huda rami, su zauna a kan bokiti suna kamun kifi. Dusar da kan zuba a can a shekara takan haura mita guda, a hunturun 2007 zuwa 2008 ma sai da ta haura mita biyu da rabi. A farkon Janairun 2014 sanyi ya zarce digiri 20 ƙasa da sifiri, irin sanyin da idan mutum ya shaƙi iska sai ya ji gashin hancinsa ya sandare. Duk da haka mutanen garin ba su fasa zuwa aiki ba, kuma galibinsu a mota suke zuwa.

Maƙwabcina a gidan da na yi haya wani dattijo ne Bature, wanda ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta kafin ya yi ritaya. Baba nake ce masa, da na bayyana masa ma'anar kalmar kuwa sai ya karɓe ta hannu biyu. Motarsa wata 'yar tsohuwa ce mai jan ƙafafun gaba kawai, gishirin titi ya ci gindinta ya yi tsatsa. Wata safiya, bayan an kwana ana zuba dusa, ya rage mini hanya zuwa Milwoki, tafiyar kilomita 120 da 'yan kai. Da muka hau babbar hanya sai ya ce da ni, "Samari, ga aikinka yau. Ka riƙa duba gefen titi, ka gaya mini irin motocin da ka gani a rami." Na duba kuwa. Wasu sun nutsa da kai cikin dusa, wasu sun juya suna fuskantar inda suka fito, ɗaya tana kwance a kan haƙarƙarinta, tayoyinta na kallonmu. Mafi yawansu manyan motocin nan ne da muke kira jif, da a-kori-kura masu tsayi, wato masu jan ƙafa huɗu, waɗanda aka ƙera musamman domin mummunar hanya. Na ce, "Baba, ai waɗannan su ne ya kamata su wuce mu su bar mu a rami." Ya yi dariya ya ce, "Sun wuce mu mana. Ba ka gan su ba ɗazu?"

Gaskiya ne jif ta yi yawa a titunan Amurka, don haka ba abin mamaki ba ne a gan ta da yawa a rami. To amma akwai wani dalili da ya wuce yawa, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mota komai girmanta, wuri huɗu kacal take taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Tashi da tsayawa da shan kwana duk a kan waɗannan tafuka huɗu suka dogara, da irin riƙon da ke tsakanin roba da titi. A busasshiyar kwalta riƙon nan mai ƙarfi ne. A kan dusar da aka danne yakan ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, a kan zallar ƙanƙara kuwa ya koma wajen kashi ɗaya cikin bakwai ko ƙasa da haka. Lissafin ɗan sakandare ya isa ya nuna abin da wannan ke nufi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, idan aka taka mata birki a busasshen titi, za ta tsaya cikin kamar mita 14. A kan dusa sai ta ci kusan mita 50. A kan ƙanƙara kuwa sai ta kusa cinye mita 100, wato tsawon filin ƙwallo, tana tafiya direba na riƙe da sitiyari yana kallon abin da zai buga. Idan aka ninka gudun sau biyu, nisan tsayawar sau huɗu yake ninkuwa. Dokokin hanya na Ingila ma sun gargaɗi direbobi cewa tsayawa a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshen titi har sau goma.

To mene ne aikin jan ƙafa huɗu a cikin wannan lissafi? Ƙaramar mota irin ta Baba, tayoyi biyu ne injinta ke juyawa, sauran biyun bi kawai suke yi. Ita kuwa jif, inji na raba ƙarfinsa ga duk huɗun. Saboda haka wajen tashi daga tsaye, ko hawan tudu, ko fita daga inda aka kafe, jif tana da riƙon da ya kusa ninka na ƙaramar mota. Wannan fifiko ne na gaske, ba mai musun sa. Amma birki fa? Kowace mota da ke kan titi a yau, daga tsohuwar tasi har zuwa jif ɗin gwamna, tayoyi huɗu take kamawa idan aka taka birki. Wajen tsayawa ke nan jif ba ta ƙaru da komai ba. Wajen shan kwana ma roba ce ke hana mota zamewa gefe, inji ba shi da ta cewa. Nauyinta bai rage mata nisan tsayawa ba, sai dai ya ƙara ƙarfin bugu idan ta sami abin bugu, tsayinta kuma ya sa ta fi saurin kifewa idan ta zame ta gefe tayarta ta ci karo da dakalin titi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan bambanci ke wasa da zuciyar direba. Mai ƙaramar mota, tun daga ƙofar gidansa titi ke ba shi labari. Yana taka totur tayoyin gaba za su yi ta juyawa a banza, motar ta yi rawa, ta ja da ƙyar. Kafin ya kai bakin babbar hanya an riga an gaya masa sau uku cewa yau ƙasa ba ta da amana, sai ya shiga taitayinsa. Haka kuma, tun da da tayoyi biyu yake tashi amma da huɗu yake tsayawa, kullum ƙarfin tsayawarsa ya fi na tashinsa, yana da ragowa a ajiye ko bai sani ba. Mai jif kuwa yana taka totur sai mota ta miƙe sumul kamar a tsakiyar rani. Ba rawa, ba gargaɗi. Cikin motar ɗumi, kujera ma da nata ɗumin, rediyo na kiɗa, yana zaune can sama yana hangen kawunan sauran motoci. Santsin yana nan yadda yake, motar ce ta ɓoye masa shi. Labarin da mai ƙaramar mota ya samu a gudun kilomita 5 a ƙofar gida, shi sai a gudun kilomita 90 zai same shi, a lokacin da fitilun birkin motar gabansa suka kama, ya taka nasa ya ji ba kowa a gida.

A matsayina na mai koyar da adabi, idan na kalli tallan irin waɗannan motoci a talabijin ɗin Amurka, kirari nake ji. Za a nuno jif tana keta dusa a kan tsauni, farin gari na tashi hagu da dama, ga kiɗa mai zuga. Can ƙasa, da rubutun da sai an matso za a iya karantawa, a ce ƙwararren direba ne kuma a rufaffiyar hanya aka ɗauki hoton. Kirari bai cika yin ƙarya tsagwaronta ba. Gaskiya ɗaya yake ɗauka ya hura ta har ta rufe sauran. Mun san wannan a wajen 'yan tauri. Ana buga musu kiɗa, a koɗa su, su zaro wuƙa su yi ta gurzawa a ciki tana lanƙwashewa. Amma ko yaro ya ji ana cewa tauri maganin ƙarfe ne, bai hana gora fasa kai ba. Ɗan taurin da kiɗa ya ɗebe shi har ya manta da iyakar maganinsa, ya shiga faɗan sanda da gadarar wuƙa ba ta cin sa, shi ne mai jif a kan ƙanƙara.

Mu da muka je daga Nijeriya muna da wani ƙarin dalili na faɗawa wannan tarko. A gida mun ga jif ta yi abin a zo a gani. Mun ga Land Rover da Land Cruiser sun ratsa taɓon damina a hanyar ƙauye inda ƙananan motoci suka kafe, mun ga Hilux ta keta yashi. Sai dai taɓo da yashi matsalarsu ta tafiya ce. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur su da kansu za su tsayar da kai. Ƙanƙara kuwa matsalarta ta tsayawa ce. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi, wanda ya riga ni zuwa da shekara guda, ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi jif ta hannu, ya zo ya nuna mini ita yana shafa ta. Ya ce, "Malam, daga yau ni da dusa sai dai ta gan ni ta kauce." Baba yana tsaye yana share ƙofar gida da shebur. Bai kalli injin ba, bai kalli tambarin ba, sai ya durƙusa ya danna tayar da babban yatsa, ya duba zanenta, ya miƙe ya ce in gaya wa abokina ya ajiye kuɗin taya huɗu kafin ya sayi wani abu.

A nan ne na fara sanin cewa taya ma tana da lokacinta kamar tufafi. Robar tayar da aka saba da ita takan fara taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, riƙonta ya ragu ko da titi a bushe yake. Tayar hunturu kuwa da roba mai laushi ake yin ta, mai zurfin zane da ƙananan tsage-tsage barkatai da ke cizon dusa, kuma akan buga mata alamar tsauni mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki. A ƙasar Finlan aka fara ƙera ta a 1934. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta ta tun 2008, kuma a yanzu dole ne ta kasance a ƙafar mota daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Dokar ba ta ware jif ba. Ƙaramar mota mai tayar hunturu takan riga jif mai tayar rani tsayawa, da tazara mai yawa kuwa. Ɗan'uwan nan namu ya ga kuɗin ya yi yawa. Kafin ƙarshen Janairu motarsa ta sulale a wata gangara, a gudun da bai fi na keke ba, ta je ta rungumi turken fitilar titi. Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, amma kuɗin gyara ya haura na tayoyin.

Tuƙin Baba abin kallo ne, domin kusan ba abin da ke faruwa a cikinsa. Kafin ya tashi sai ya share dusar da ke kan motar kaf, har ta rufin, don kada ta zamo ta rufe masa gilashi ko ta faɗa wa na bayansa. Idan ya fito layinmu, ya ga ba kowa, yakan ɗan taka birki da gangan don ya ji abin da titi zai ce. Yana taɓa totur da birki da sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono a cinya. Tazarar da yake bari tsakaninsa da na gaba takan kai ta daƙiƙa takwas ko goma, idan wani ya kutsa cikinta sai ya ƙara ja da baya ba tare da ko tsaki ba. Yana rage gudu tun kafin kwana, kuma yana tsoron gada fiye da komai, saboda iska na bi ta ƙarƙashinta, takan riga sauran titi daskarewa. Ya nuna mini inda kwalta ke sheƙi kamar an zuba ruwa alhali ƙanƙara ce siririya wadda baƙin titi ke bayyana ta cikinta. Game da gishirin da hukuma ke watsawa (a Milwoki har ruwan gishirin masana'antar cuku suka gwada a 2013, abin da ya ba ni dariya ƙwarai), ya ce kada in dogara da shi, domin idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri aikinsa kaɗan ne. In mota ta zame, in ji shi, ka ɗaga ƙafa, ka kalli inda kake son zuwa, hannunka zai bi idonka. Birkin zamani mai hana taya kullewa kuwa, idan ya fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, a danne shi kada a saki. Amfaninsa ya bar ka ka iya juya sitiyari, ba ya ƙirƙiro riƙon da babu.

Akwai kuma ranar da duk wannan ƙwarewa ba ta da amfani, ranar da iska ke kwasar dusa har mutum ya kasa ganin hancin motarsa. A ranar 24 ga Fabrairun 2019, a babbar hanya mai lamba 41 kusa da garin Neenah a Wiskonsin, motoci 131 suka afka wa juna a irin wannan farin duhu, mutum ɗaya ya rasu, fiye da 70 suka jikkata. A birnin Bafalo na jihar Niu Yok, inda iska mai sanyi kan ɗebo danshi daga Tafkin Erie ta juye shi a kan gari, guguwar da ta fara ranar 23 ga Disambar 2022 ta zubar da dusa fiye da mita guda, ta kashe mutum fiye da 40 a yankin, wasunsu a cikin motocinsu. Hukuma ta hana tuƙi, mutane suka ci gaba da fita, har sai da aka kawo 'yan sandan soja don su tsare hanyoyi. Motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya kansu sun kafe. Jif tana tafiya ne muddin tayoyinta na taɓa ƙasa. Da zarar dusa ta kai cikinta sai ta hau kai ta zauna, ƙafafu huɗu na juyawa a iska. Abin da jan ƙafa huɗu ya yi wa mai ita a ranar shi ne ya kai shi nesa da gida kafin ya kafe, ya kuma bar motarsa a tsakiyar titi ta tare wa motar share dusa hanya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Murree, wani garin tsauni a Pakistan, a Janairun 2022. Dubban mutane suka ɗebo iyalansu daga biranen ƙasa don su je su ga dusa, kamar dai yadda ni da mai karatu za mu yi ɗoki. Hanya ta cushe, dusa ta rufe motoci cikin dare, mutum fiye da 20 suka mutu, har da ƙananan yara. Wasunsu hayaƙi ne ya kashe su. Sun rufe gilashi, sun bar inji a kunne don ɗumi, dusa ta toshe bakin salansa, iskar guba marar wari ta dawo cikin mota, barci ya ɗauke su. Shi ya sa a ƙasashen sanyi ake koya wa wanda ya kafe ya zauna cikin motarsa, ya riƙa kunna inji na kamar minti goma a kowace sa'a, ya fita ya share bakin salansa kafin ya kunna, ya kuma ɗan sassauta gilashi.

Tun kafin mota ta zama ruwan dare, Tolstoi na Rasha ya rubuta wannan hali a wani gajeren labari da ya fito a 1895, na wani attajiri da baransa. Attajirin, Birehunof, yana sauri ya je ya sayi wani daji da araha kafin wasu su riga shi, sai ya fita cikin guguwar dusa da baransa Nikita, a keken da doki ke ja a kan ƙanƙara. Dokin nan ƙaƙƙarfa ne mai hankali, abin alfaharin gidan. Masu nazari sun fi mayar da hankali ga ƙarshen labarin, inda attajirin ya kwanta a kan baransa ya ɗumama shi da jikinsa har shi ya mutu. Ni kuwa tun da na dawo daga Wiskonsin, idan ina karanta shi da ɗalibai, a tsakiya nake tsayar da su. Sau biyu matafiyan nan suka ɓata hanya suka faɗo ƙauye ɗaya. A karo na biyu suka shiga wani gida, aka ba su shayi, ga wuta, masu gida suka roƙe su su kwana. Nikita yana so, amma bara ne. Attajirin ya tuna dajin, ya tuna dokinsa, ya ce a ɗaura. Nakan tambayi ɗalibai: da a ce dokin gurgu ne, da ya fita? Akan yi gardama sosai a kan wannan, wasu su ce kwaɗayi ne ya fitar da shi, doki ba ruwansa, wasu su ce kwaɗayin ma sai da ya sami abin hawa.

Washegari da tsakar rana mutanen ƙauye suka tono su daga cikin dusa, 'yan taku kaɗan daga hanya, ƙasa da kilomita guda daga gidaje. Dokin ya sandare a tsaye. Nikita ya yi wata biyu a asibiti, aka yanke masa yatsun ƙafa uku, ya ƙara shekara ashirin a duniya.